Kowa Ya Gani, Ban Da Mai Shi

Mu nan Horo Birni mutane ne masu zurfin ciki. Tambayi magidanci damin gero nawa ya ɗaure bana, sai ya ce maka, "Alhamdu lillahi, an samu na kunu," alhali rumbu uku ya cika har ya ari na maƙwabci. Mai shanu ba ya ƙirga wa kowa shanunsa. Mace sai ta yi wata shida da juna biyu, uwar mijinta ma sai dai ta gane da ido, ba dai a gaya mata da baki ba. Bashin da ke wuyan mutum, ciwon da ke cin sa, abin da ya kai gidan surukai bayan isha'i, duk a rufe suke, wanda kuwa ya tona ba a sake sakin baki a gabansa. Tun muna ƙanana ake ja mana kunne cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amma bari sakamakon jarrabawar ɗan makaranta ya fito. Nan kam ko asabari ba ma saki.

Yaro yana can Sakkwato, ko wanka bai yi ba balle ya je ya duba, labarinsa ya riga ya kamo hanya. Wani ɗan ajinsu daga Kajiji ko Dandin Mahe ya ɗauki hoton takardar da aka manna a allon sanarwa ya tura wa wansa, wan ya jefa a zauren WhatsApp na samarin gari. Kafin la'asar mai shayi ya ji, mai cajin waya ya ji, direban da ke jigila ta Boɗinga ya ɗauko nasa ya ƙara gishiri da magi. Bayan magariba sai a baje kolin a majalisa.

"Kun jiya? Ɗan wane an ba shi kari-oba ukku."

"Ukku? Ni huɗu anka ce min."

"Wa ag gaya maka?"

"Direba na. Shi kau ba shi ƙarya sai wajen kuɗɗin mota."

"Allah shi kyauta. Uban nan hwa bijimi yas sai da don karatun ga."

Abin dariya, dattijon da ke jan wannan lissafi bai taɓa zama a bencin boko ba. Amma ya san kari-oba, ya san sifil-oba, ya san wanda ya tashi da maki 4.50 cikin 5 shi ne ɗan daraja ta ɗaya, wanda ya kasa kai 2.40 kuwa ya gangara ta uku. Duk a kan tabarma ya koye su, kyauta, daga sakamakon 'ya'yan mutane. Nasa ɗan fa? Kar ka kuskura ka tambaya. "Shina nan shina ƙoƙari," in ji shi, sai ya juya zancen zuwa tsadar taki.

Kada a ɗauka mugunta ce zalla. Karatu a fili muka gaje shi. A makarantar allo da ƙarfi ake biyawa, duk mai wucewa ya san wanda ya wanke da wanda ya kwana uku a kan aya ɗaya. Ranar sauka a rubuta allo mai zayyana, a yanka abin yankawa, yaro ya karanta a gaban jama'a. Nan kusa da mu ga Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ga Boɗinga inda ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna. A irin wannan karatu shaidar mutum ita ce malamin da ya durƙusa gabansa da mutanen da suka ji shi yana biyawa, babu abin ɓoyewa. Da boko ta zo ƙari ta yi. Duk wanda ya yi firamare yana tuna ranar hutu: a jera mu a rana, hedimasta ya riƙo takarda, na ɗaya, na biyu, na uku, tafi raf-raf, har a gangaro kan wanda ya riƙe wa aji wutsiya, yara su raka shi da ihu har ƙofar gida. Ga kuma maganar kuɗi. Yaron garin nan ba mutum ɗaya ke ɗaukar karatunsa ba: uba ya sayar da hatsi, gwaggo ta sayar da akuya, kawun da ke Abuja ya turo na rajista, kaka ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da yaji. Duk wanda ya sa kwabonsa yana ganin ya sayi ido. Balle mu da ƙaramar hukumarmu ke tinƙaho da malamin makaranta. Alhaji Shehu Shagari alli ya fara riƙewa kafin ya riƙe ƙasa daga 1979 zuwa 1983, don haka maganar takarda ba ma ɗaukarta da wasa.

Sai dai wanda ake jerawa a rana ɗan shekara tara ne. Wanda muke baje wa koli yanzu mai gemu ne, wani ma da mata da 'ya'ya, yana Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa tun 1975, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko kwalejin ilimi mai sunan Shagari, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wasu Aliero, wasu Zariya. Manyan makarantu da yawa sun daina manna sunaye, sai lambar ɗalibi kawai, su a ganinsu sun rufa asiri. Ba su san mu ba. Ranar da yaro ya samu gurbi, takardar ta bi hannu ya fi ashirin ana sa mata albarka, wani har ya kwafe lambar a bangon shagonsa. Da aka koma duba sakamako a intanet da lambar sirri, muka ce to yanzu kam an gama da mu. Ina! Lambar sirrin mai kafe ne ya zaɓa masa ranar rajista, kuma ita ce dai wadda ya zaɓa wa yara goma kafin shi. In yaron ne ya zaɓa da kansa, gwada lambar wayarsa ko sunan yarinyar da yake so, da wuya ka yi gwaji uku.

Su ma masu bin diddigin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Kowa ya taɓa jin labarin yaron da makaranta ta sallama tun yana aji biyu, ya ƙi faɗa. Kowane zango ya ɗaure jaka, a ba shi kuɗin rajista da na ɗaki da kwanon gero da man gyaɗa, ya hau mota ya tafi Sakkwato ya raɓe a ɗakin abokai. Da hutu ya dawo yana ɓarin Turanci da ƙorafin wahalar jarrabawa. Shekara huɗu ta cika, a yi walima, har liman ya yi addu'a. Sai lokacin bautar ƙasa ya zo, tsararrakinsa su dawo da kaki da farin takalmi, shi kuwa kullum "sunanmu bai fito ba tukuna, sai rukuni na gaba." Uban da ya jinginar da gonar fadama saboda wannan karatu, ranar da gaskiya ta fito ko masallaci ba ya iya fita. Wanda ya ga irin wannan sau ɗaya, in ya ce maka, "Ni ka biya, ni ka gani," ba ka da bakin ce masa a'a.

Ni ma ban ce a'a ba. Cewa na yi haƙƙin uba a kan ɗansa yake, ba a kan durowar ofishin makaranta ba. Ka kira shi zaure ku biyu, ka ce, "Buɗe wayag ga in gani." In ba ka iya karantawa, kai da shi ku zaɓi wanda zai karanta. In ya ƙi, ka riƙe kuɗinka, wannan ikonka ne. Amma mu sai mu nemo ɗan gari da ke aiki a can, akawu ne ko masinja ko malami, a buga masa waya: "Don zumunci, dubo min fayil ɗin yaron ga." Shi kuwa ina zai iya ce wa baffansa a'a? Ya jawo fayil. To fayil ba maki kaɗai ne a ciki ba. Akwai takardar gargaɗin da aka taɓa ba shi kan satar amsa, akwai takardar asibiti mai nuna rukunin jininsa da ciwon da yake ɓoyewa, akwai wasiƙar da ya rubuta yana roƙon a ɗaga masa ƙafa saboda gidansu ba hali. Akawu ya gaya wa baffa rabi, ya gaya wa matarsa duka. Matar kuwa gobe akwai suna a gidan 'yar uwarta.

Masu binciken aure ma sun gano wannan hanya. Da can asali ake tambaya da hali da sana'a, yanzu har da "a dubo muna ko da gaske ta gama." Malamai kuwa kullum suna karanta mana aya ta 12 ta Suratul Hujurati da ta hana bin diddigin juna, mu yi ta gyaɗa kai, don a zatonmu leƙen katanga kaɗai take nufi.

Abin da surutun ke jawowa ba ma lissafa shi. Kari-oba ɗaya ba mutuwa ba ce, baɗi a sake zama a wuce. Amma in ta riga yaro isowa gida, sai ya ƙi zuwa Sallah, daga nan ya ƙi komawa makarantar ma, a ji shi a kudu yana acaba ko turin baro. Na mace ya fi muni. Namiji in ya faɗi a ce malamai ne suka tsane shi. Mace ta faɗi darasi ɗaya cikin goma sha biyu, sai gwaggonnin da dama ba su so tafiyar ba su samu bakin magana: "Ai mun hwaɗi. Ku maido ta a yi mata arme." Sau da yawa ba makaranta ke korar 'ya'yanmu mata ba, majalisa da gidan suna ke korarsu.

To ga inda abin ya fi ɗaure kai. Wannan takarda da mai shayi ya san abin da ke cikinta, bari mai ita ya tashi nema. Ya yi sammako ya hau mota, ya isa ofis ya yi sallama da ladabi. Mai makullin bai zo ba. Ya zo, ba wuta. An kawo wuta, ba netwok. Netwok ya dawo, fayil ne ba a gani ba, fayil ɗin nan dai da aka jawo cikin minti biyar ranar da baffa ya bugo waya. "Ka dawo mako mai zuwa." Ba zan kama sunan makaranta ba, don duk wanda ya taɓa neman cikakken sakamakonsa, taranskirif ɗin nan, zai rantse da tasa nake. Ka biya kuɗi, kuma ba a hannunka za a ba ka ba. Makaranta ce ke aika wa makarantar ko ma'aikatar da ta nema, kai sai dai a ba ka kwafin ɗalibi wanda ba kowa ke karɓa ba. Wannan kam da dalili, masu buga takardun jabu ne suka ja mana. Jinkirin ne ba shi da dalili, kuma yana cin mutane: gurbin digiri na biyu ya wuce, tallafin karatu a waje ya rufe, takarda tana nan a kan tebur tana jiran sa hannu.

Haka wanda ya shiga jarrabawa, ya sa hannu a takardar halarta, sakamako ya fito wurinsa fayau babu komai. Ko wanda ya tabbata ya rubuta abin kirki ya ga an ba shi F. Jami'o'i suna da ƙa'idar neman a sake duba takarda: ka rubuta, ka biya, a ba wani malami ya duba. Amma wa zai nema? Mu da aka rena da cewa ba a haɗa ido da malami? In yaro ya zo gida ya ce zai rubuta ƙorafi, uban nan da ya tayar da gari don ya ga sakamakon shi ne zai fara kwaɓarsa: "Kai wa na, da za ka kai ƙarar malami? Yi haƙuri, haka Allah yas so." Wajen leƙa takardar wani ba mu da tsoro, wajen neman tamu kuwa sai kunya ta tashi.

Alhali kwamfuta ma tana kuskure, masu ita sun faɗa da bakinsu. A watan Mayun 2025, bayan iyaye da ɗalibai sun yi ta kururuwa kan makin JAMB, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohi biyar na kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Waɗancan sun samu gyara ne don sun ƙi yin shiru. Da a nan ne, da mun yi wa yaran faɗan yawan kallon ƙwallo da latsa waya, mun kai labarin majalisa, shi ke nan.

Gyaran ma da muka fi buƙata ba na maki ba ne, na suna ne da ranar haihuwa. Yaro ɗaya: Mamman a gida, Muhammadu a rajistar firamare, Mohammed a takardar WAEC, Muh'd a ta NECO. A wata an sa sunan uba, a wata sunan kaka, a wata an liƙa sunan gari yadda muka saba a ƙasar Sakkwato, inda Tambuwal da Wamakko da Bafarawa duk garuruwa ne kafin su zama sunayen gwamnoni. Ranar haihuwa kuwa hedimasta ne ya yanke ta: ya sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, ya ce shekara shida. In ka bi takardunmu sai ka rantse matan garin nan ba sa haihuwa sai ranar 1 ga Janairu. Da can ba wanda ya damu. Amma tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma abin da ke cikin NIN ɗin shi take ɗauka. Harafi ɗaya ya saɓa, sai komai ya tsaya. Hukumar bautar ƙasa kuma wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama ba ta ba shi kaki, takardar yafewa take ba shi. Sai ka ga wanda hedimasta ya ƙara wa shekara biyu don ya gan shi dogo ya rasa alawus na shekara guda. Daga nan sai zarya: kotu don takardar rantsuwa, jarida don sanarwar gyaran suna, ofishin katin ɗan ƙasa, a dawo makaranta. Da yaro yana ganin fayil ɗinsa tun shekarar farko, da biro ya isa gyara abin da daga baya zai ci kuɗin tunkiya.

Wata Sallah wani ɗanmu da ya karanci aikin lauya ya zo gida, ya tarar ana fiɗar sakamakon wani a majalisa, sai ya gyara zama ya ce ai duk abin nan da doka a kansa. Ya fara da sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Ya kawo dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba ma'aikatar gwamnati kwana 7 ta amsa wa mai nema, amma sashenta na 14 ya keɓe bayanan mutum na kansa, har ya ambaci fayil ɗin ɗalibai da na marasa lafiya: ba a ba wani sai da yardar mai shi, ko in maslahar jama'a ta rinjaya. Sannan ya sauko kan sabuwar, dokar kare bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukuma guda, NDPC, don wannan aiki kaɗai. Duk wanda ke riƙe da bayananka, in ji shi, makaranta ce ko banki ko asibiti, kana da ikon tambayarsa me ya riƙe, don me, wa ya ba, ya ba ka kwafi, in akwai kuskure ya gyara. Ba a miƙa wa wani sai da dalilin da doka ta sani. Iyaye suna tsaya wa yaro ne kafin ya kai 18. Ya kai, magana ta koma bakinsa. Manyan masu riƙe da bayanai kuwa in sun saɓa, tarar tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Majalisa ta yi tsit. Can sai wani dattijo ya tofar da tukar goro.

"Ɗana, tsaya. Wato ɗan da nih haihwa, sai na nemi izni wurinai kahin in ga takardatai?"

"Baba, ba hana ku anka yi ba. Cewa anka yi shi za ku tambaya, ba akawu ba."

"To gwamnati ta biya mishi kuɗɗin makaranta, sannan ta yi min doka."

Aka kwashe da dariya, amma maganar Baba ta faɗo kan gaɓa bai sani ba. Tun 2024 asusun NELFUND ya fara ba ɗalibai rance: kuɗin makaranta a tura wa makarantar kai tsaye, na kashewa naira 20,000 a wata ya shiga asusun ɗalibin. Yaron da ya karɓi wannan, bashin a wuyansa yake, shi zai biya in ya fara samu. In "ni ka biya" ce hujjar, to ga mai biya ya canja. Na so in ji amsar majalisa a kan wannan, sai aka kira isha'i.

Mu da muke ganin sabon abu ne, ai mun kalle shi a 2023. Lokacin da Atiku Abubakar ya so ganin takardun karatun Bola Tinubu a Jami'ar Jihar Shikago, ba waya ya buga wa wani akawu ba. Amurka tana da doka tun 1974, FERPA, wadda ta ce da zarar ɗalibi ya kai 18 ko ya shiga babbar makaranta, ikon fayil ɗinsa ya koma hannunsa. Ya nemi gani, dole a nuna masa cikin kwana 45. Ya ga kuskure, ya nemi gyara. Ba a manna makinsa da sunansa ko lambarsa a bango sai ya yarda. Makarantar da ta mayar da saɓawa ɗabi'a tana iya rasa kuɗin gwamnatin tarayya. Uba ma makaranta tana iya nuna masa in har ɗan yana cikin waɗanda ya rubuta a takardar harajinsa cewa shi ke ci da su. Ka ga su ma ba su jefar da "ni ka biya" gaba ɗaya ba. Don haka sai da Atiku, tsohon mataimakin shugaban ƙasa guda, ya ɗauki lauyoyi ya shiga kotun tarayya a can Shikago. Lauyoyin Tinubu suka ce sirrin ɗalibi ne, alƙali na farko ya ce a bayar, suka ƙi yarda, alƙaliya Nancy Maldonado ta tabbatar a ƙarshen Satumba, sannan jami'ar ta saki takardun a farkon Oktoba, magatakardanta ya amsa tambayoyi bisa rantsuwa. Jami'ar ta ce ya gama a 1979, kowane ɓangare ya tsinci abin da ya yi masa daɗi a sauran bayanan, Kotun Ƙolin Nijeriya kuma a ranar 26 ga Oktoba ta ƙi karɓarsu a matsayin sabuwar hujja. A majalisarmu ba hukuncin ne ya ɗaure wa mutane kai ba. Wani cewa ya yi, "Duk dalolin ga don takarda guda? Ba su da ɗan gari can?"

Kafin wannan mun sha na marigayi Buhari a 2015, da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan takardar sakandarensa har tsohuwar makarantarsa ta Katsina ta fito da sakamakon 1961, jaridu suka buga kowa ya ga makinsa darasi-darasi. Amma waɗannan kujera suka nema. Tsarin mulki ya ce mai neman shugabanci ya kasance ya yi karatu har matakin sakandare ko makamancinsa, hukumar zaɓe kuma tana manna takardun 'yan takara don kowa ya gani. Wanda ya ce a ba shi ƙasa, shi ya buɗe jakarsa da hannunsa. Yaron da ke fama da lissafin aji biyu, ƙuri'ar wa ya nema?

Sai dai ko makarantu duka sun sa kwaɗo, mu da kanmu muke fitar da kayan ta baya. Yaro ya ci WAEC, wansa ya ɗauki hoton takardar gaba ɗaya, da fuska da lambar jarrabawa da ranar haihuwa, ya ɗora a Facebook ya ce a taya su murna. Kwamfutar mai kafe cike take da takardun samarin gari, ranar da ya kai ta gyara ko ya sayar, da su za ta tafi. Kwafin da bai fito da kyau ba a tara a kwali, mai ƙosai ta saya, ka karanta sakamakon maƙwabcinka da maiƙo a jiki. Akwai kuma masu ɓoyon da ya wuce kima: uban da ya kulle ainihin takardar ɗansa a adaka ya ce sai ya ga hankalinsa, har gara ta riga kowa, mijin da ya biya wa matarsa karatun NCE ya karɓe satifiket ya ce nasa ne tunda kuɗinsa ne, ranar da aka samu saɓani ta koma gida ba ta da abin neman ko aikin koyarwa. Sunanta ne a kai, ita ta yi sintirin makaranta da goyo a baya. In an je gaban alƙali ban ga ta inda zai ce nasa ne ba.

Lokacin siyasa kuwa sai abin da ya ƙaru. Da an ce wani mai neman kujera zai raba tallafin karatu ko zai sama wa matasa aiki, sai a ce kowa ya kawo kwafin takardunsa da lambar NIN da BVN da lambar asusu da hoto biyu. Ba mai tambayar wa zai riƙe, ina za a ajiye, me za a yi da su bayan zaɓe. A ɗura a buhu a jefa bayan mota. Da irin waɗannan lambobi 'yan damfara ke buɗe asusu ko cin bashi ta waya da sunan mutum, sai dai ya ji ana kiran danginsa ana cewa ya biya. Zaɓen 2027 yana ƙaratowa, an ma fara. Kwanan baya da aka ce ana karɓar takardu, layi har bakin titi, kuma wanda ke gaba-gaba riƙe da ambulan biyu, nasa da na matarsa, shi ne ɗan namu lauya.